Jan Fenti a Kan Tiyon Dattijuwa

Shekara bakwai ke nan da aka kai yayana, Alhaji Garba, makwancinsa. Mutanen Barkin Sale da Garba Hanci suka san shi, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba, don da hancin yake cin abinci. Bakanike ne, irin wanda mota za ta shigo garejinsa, kafin direba ya kashe ta ya riga ya ce masa, "Malam, kana zubar da mai." Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan zauna in rubuta wani abu a kansa, mai sanyi, mai cike da addu'a. Bana na gwada, abin ya ƙi. Da ɓacin rai na ɗauki biro, kuma waɗanda suka ɓata mini ran ba maƙiyansa ba ne. Mutanen da suka fi kowa ƙaunarsa ne.

Yaya Garba ya bar mata ɗaya, Yaya Ladi, da 'ya'ya, da gida, da wata tsohuwar mota mai dogon baya da muke kira Dattijuwa. Ta girmi babban ɗansa Nasiru nesa ba kusa ba. A cikinta aka kai ni ɗakin miji, a cikinta aka ɗauko gawar mahaifiyarmu daga asibiti, doyar Paiko kuwa da ta ɗauko Allah kaɗai ya san yawanta. Ruwan toka ce, ƙofar baya sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Idan aka ce ya sayar ya huta, sai ya ce a bari sai ta fara yi masa ƙarya. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba ta yi masa ba.

Duk wanda ya taɓa kai masa gyara ya san tabon da ke hannunsa na hagu, daga wuyan hannu har gwiwa, fatar ta tattare kamar ledar da ta ji wuta. Yana saurayi ya samo shi a hanyar Bida, wajajen Gidan Kwano, tun wurin yana gonaki zalla. Wata mota ce ta kama da wuta a gabansu, ya shiga ya jawo direban. Direban bai kai labari ba. Da aka duba, ba wani babban abu ba ne ya jawo, tiyon fetur ne ya tsage, man ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. Tun daga ranar Yaya ya ɗaura yaƙi da tsohon tiyo. Zai iya yi maka kara a kan taya, ya ce lallaɓa ta kai ka wata mai zuwa. A kan tiyon mai kuwa, ba sani ba sabo. Idan mai mota ya tsaya gardama, Yaya ba ya tsawaita magana, hannun riga kawai yake naɗewa.

Yana da wata dabara tasa, kuma a kanta duk wannan rigima ta taso. A kan tagar garejin akwai ƙananan gwangwanayen fenti guda uku: ja, rawaya da kore. Kowace shekara da launinta. Duk tiyon man da ya ɗaura, sai ya tsoma tsinke ya ɗiga masa fentin shekarar a kusa da kilif, wato ɗan zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo. Bana ja, baɗi rawaya, bayanta kore. Idan aka zagayo kan ja, duk tiyon da ya gani da tsohon ja, sai wuƙa. Ba ya tambayarsa ko yana yoyo, ba ya duba ko har yanzu yana da kyan gani. Yakan ce roba daga ciki take ruɓewa, waje kuwa sai ta mutu take nunawa. Ni da nake kai masa abincin rana a shekarun da na zauna a gidansa, na ga wannan wuƙa ta yi aiki har na daina mamaki.

'Ya'yansa ba su san wannan ba, don bai bar ko ɗayansu ya yi zaman gareji ba. Ya ce wuta ta taɓa mutum ɗaya a gidan, ya isa. Nasiru hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma bari in faɗi alherinsa tun kafin in hau kansa. Bayan rasuwar Yaya, Dattijuwa ta yi shekaru a tsakar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya suna so a ba su ita su sassare. Da wani ɗan ne, da tuni ya miƙa. Nasiru ya ƙi, ya ce sai ya tayar da ita. Da aka duba aka ga injin ya riga ya daskare, sai ya nemo wani na zamani, na hannu, ya kai wa Bitrus, mutumin Paiko da ya yi shekara da shekaru a ƙarƙashin Yaya kafin ya buɗe nasa garejin. Ranar da Dattijuwa ta sake yin kuka a unguwa, ni ma na yi nawa.

Sai dai injin da da na yanzu ba ɗaya ba ne wajen shan mai. Tsohon a hankali yake tsotsa, kamar dattijo da kofin kunu. Sabon kuwa famfon lantarki ne ke tura masa fetur da ƙarfi tun daga tanki, tiyon yana cike yana kumbure muddin mota na tafiya. Shi ya sa duk wanda ya canza irin wannan inji sai ya canza tiyon mai gaba ɗaya, ya sa mai kauri, wanda aka saƙa masa rigar waya a baya don kada ya fashe, kada kuma ƙarfe ya goge shi. Wannan ba ilimin malamai ba ne. Ni tsohuwar malamar firamare ce, ban taɓa kwance ko noti ɗaya ba, amma na san wannan.

Wata Talata Nasiru ya ce zai kai ni kasuwa a cikinta, in ɗana. Na shiga ina murna, na zauna a gaba inda Yaya Ladi ke zama. Ba mu bar Barkin Sale ba hancina ya fara ba ni labari. Na ce ina jin warin fetur. Ya ce ai tsohuwar mota ce, Gwaggo, haka suke. Na ce na shiga motar nan tun ba a haife ka ba, ba ta taɓa wari ba, tsaya ka buɗe mini gabanta. Ya tsaya yana dariya, 'yan acaɓa suna ta yi mana hon. Sabon inji yana ta ƙyalli, an wanke shi tas. Amma daga gefensa ga wani baƙin tiyo, ya bushe ya yi ƙanta, bakinsa ya jiƙe, kuma ƙasa da shi kaɗan bututun salansa ne yana huci. A kusa da kilif ɗin ga ɗigon fenti ja.

Na tambaye shi ina sabon tiyon. Ya ce yana but, a naɗe cikin leda, Bitrus ya sa ya saya amma shi Nasirun ya hana a ɗaura. Sai ya sa yatsa ya shafa fentin nan, muryarsa ta canza. "Gwaggo, wannan ne aikin ƙarshe da Baba ya yi wa motar nan. Duba, har alamarsa ya sa. An cire injinsa, an cire komai nasa. Wannan kaɗai ya rage da hannunsa ya taɓa. Ba mai cire shi ina raye."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, amma haushi ya riga shi isowa. Na ce masa alamar nan ba sa hannu ba ce, ranar sallama ce. Na ba shi labarin gwangwanaye uku. Na ce a shekarar ja mahaifinka ya rasu, kuma tun daga lokacin jan ya zagayo har sau biyu, da yana raye da ko tokar tiyon nan ba a samu ba. Ya saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa, irin sauraron da yaran yanzu suke yi idan sun riga sun gama yanke shawara. Da na gama sai ya ce, ko ma me alamar take nufi, hannun Baba ne. Ya rufe gaban mota. Ni kuwa na tari keke na ƙarasa kasuwa.

Washegari na dira garejin Bitrus, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce kai da ka sha rankwashi a kan fentin nan, kai ne za ka haɗa sabon inji da tiyon da Ogan naka ya riga ya yanke wa hukunci? Ya cire hula ya yi tsuru-tsuru. Bitrus mutumin kirki ne, Hausar tasa irin ta garin nan. "Anti Mairo, na gaya masa tiyo ba zai dauka ba. Amma mutum ya tsaya gabana, babba da shi, yana shafa fenti yana kuka. Yaya zan ce masa wannan fenti na zubarwa ne? Na ce bari ya yi kwana biyu, zuciya ya sauka." Na ce to zuciya tana sauka, fetur ma yana sauka, kuma a kan salansa yake sauka. Ya nuna mini kwalbar da ya jiƙa guntun sabon tiyon a cikin fetur, yadda Yaya ya koya masa, don gane na gaske da na jabu. Robar ba ta kumbura ba, mai kyau ne. Wato komai ya yi daidai, sai abu ɗaya da ya fi muhimmanci, nan kara ta kama masa hannu.

Wannan karar ce ta hana ni barci. Mu mutane ne masu kara, kuma ba na raina ta, da ita muke zaune lafiya da surukai da maƙwabta. Amma akwai inda take komawa cuta. Mai gyara yana jin nauyin mai mota, ƙanwa tana jin nauyin matar yaya, kowa yana jin nauyin mamaci, ba wanda ke jin nauyin yaran da za a loda a kujerar baya. Na je wurin Yaya Ladi ina tsammanin ita za ta tsawatar. Sai ta ce, "Mairo, ki bar yaron nan. Da motar yake ganin ubansa. Allah ne mai tsarewa." Na ce haka ne, shi ma Yaya ya san Allah ne mai tsarewa, bai taɓa fashin sallar jam'i ba, amma wuƙarsa ba ta taɓa yin tsatsa ba. Ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo Minna ta yau. Na tabbata zai yi mamakin yawan motoci, da kekunan da suka cika Barkin Sale har mutum ba ya samun wurin taka ƙafa. Zai yi tsaki idan ya shiga kasuwar kayan gyara ya ga tiyon ruwa da aka sa wa rigar waya mai sheƙi ana sayar da shi a matsayin na fetur. Zai fi yin tsaki idan ya ga mota tana ci da wuta a bakin titi, jama'a sun zagaye ta kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, ba mai neman yashi. Amma duk wannan ba zai ƙona masa rai ba kamar ya shiga gidansa ya tarar an mayar da shi abin tarihi. Hularsa tana rataye, ba a taɓawa. Kujerarsa tana zaure, ba a zama. Waɗannan ban ce komai ba, hula ba ta kashe kowa. Amma a ɗauki abin da mutumin nan ya fi ƙi a duniya, ruɓaɓɓen tiyo, a ce da shi za a riƙa tunawa da shi? Wannan ba girmamawa ba ce. An riƙe kayansa an saki halinsa.

Ana cikin haka ƙanwar Nasiru da ke aure a Paiko ta haihu. Aka sa ranar suna, Nasiru ya ce da Dattijuwa za a je, dangi su ga motar Baba ta tashi. Yaya Ladi a gaba, matarsa da yara a baya, har da goyo, ga kulolin abinci. Na sake yi masa magana, ya ce in sha Allahu bayan suna zai duba. Na sa mijin ƙanwarsa ya kira shi, sai Nasiru ya ce masa ai motar ta yi sati tana yawo lafiya lau. Kowa na gaya wa sai ya ce Gwaggo Mairo da tsoro. Ni kuma hanyar Paiko nake gani, da tsawonta, da zafin rana, da ƙofar bayan nan da ba ta buɗuwa sai an yi kokawa da ita.

Ranar suna da safe na isa gidan da wuri. Mata suna ta haɗa kaya, yara an yi musu wanka an shafa musu hoda. Motar tana tsakar gida, ba a tayar da ita ba tun jiya, injin ya yi sanyi. Na shiga kicin na ɗauko wuƙar yanka albasa da tsohon kwano. Na san inda ake jan abin buɗe gaban, don na ga Yaya ya ja shi sau ba adadi. Ban ɓuya ba, ban kuma yi sauri ba. Na tara kwanon, na yi bismilla, na sa wuƙa a daidai jan fentin. Na ɗauka zan sha wahala. Ko kaɗan. Kamar busasshen ƙuli-ƙuli haka ya ɓare a hannuna, man ya tsiyaye a kwano tare da baƙin gari.

Nasiru ya fito da babbar riga, ya ga abin da na yi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai zage ni ba, tarbiyyar Yaya ba za ta bar shi ba, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Gwaggo, kin kyauta," ya juya ya shige ɗaki. Wata daga cikin dangi ta ce wannan wace irin rashin kara ce, ranar farin ciki. Na ce ranar farin cikin nake so ta kai yamma. A motar haya aka tafi Paiko ranar, a matse, yara a kan cinya, ba wanda ya yi mini magana har muka isa.

Kafin mu fita dai na miƙa wa Yaya Ladi guntun da na yanko. Ta karɓa da niyyar ajiyewa, na san ta. Sai ta ɗan lanƙwasa shi, ya tsattsage a tsakanin yatsunta, cikinsa duk ya zama ɓurɓushi. Ta daɗe tana kallonsa, ta kalli jikokinta da ke tsaye a bakin ƙofa da sababbin takalma. Ba ta ce na yi daidai ba, har yau ba ta faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Shi ma haka zai yi. Sai dai shi zai haɗa da faɗa." Ta jefa shi a kwandon shara da hannunta.

Bitrus ya zo bayan kwana biyu ya ɗaura sabon tiyon tun daga tanki har inji, ya ɗaure shi nesa da salansa. Ya ce ragowar tsohon da ke ƙarƙashin mota ya ma fi wanda na yanka lalacewa. Amma kada mai karatu ya ɗauka an yi sulhu an sha shayi. Nasiru, yaron da na goya a bayana, wanda ba ya wuce ƙofata bai leƙo ba, ya ɗauke ƙafa. Idan mun haɗu yana durƙusawa ya gaishe ni, gaisuwar da ba ta da ɗumi. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma a ba ni zaɓi sau ɗari tsakanin Nasiru mai fushi da ni da zaman makokin Nasiru, sau ɗari zan ɗauki wuƙar nan.

Makon jiya aka yi wa Yaya addu'ar cika shekara bakwai a gidansa. Da malamai suka watse, maza suna zaure suna cin abinci, na zagaya wurin Dattijuwa na buɗe gabanta, don ni yanzu ban yarda da kowa ba. Sabon tiyon yana nan da saƙarsa, a bushe, ba wari. A kusa da kilif ɗin na ga ɗigon fenti rawaya, ya ɗan zarce gefe, aikin hannun da bai saba ba. Na tambayi Bitrus, ya rantse ba shi ba ne, ya ce Nasiru ne ya zo ya tambaye shi wane launi ke bin ja. Na rufe motar a hankali, na tsaya sai da idona ya bushe kafin na koma cikin mata.

Garejin Yaya an mayar da shi shagon caji, hularsa asu zai cinye ta, ita ma Dattijuwa wata rana 'yan gwangwan za su yi nasara a kanta. Abin da ya rage nasa da zai yi amfani shi ne wannan ɗigon, muddin akwai wanda ya san ba don ado ake sa shi ba. Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya sanyaya masa kabari, ya tsare shi daga wutar da ya yi ta tsare mutane daga irinta. Nasiru kuma har yanzu bai tako gidana ba, kuma na ji, ya yi ta fushinsa. Amma ya sani, ina lissafe da launukan nan. Ranar da rawaya ta zagayo, idan ina numfashi kuma na tarar bai cire ba, na san inda Yaya Ladi take ajiye wuƙar albasa.